Sakan na Sittin da Ɗaya

A Oulu, ƙarshen watan Yuni,
dare suna ne kawai: rana ta ƙi kwanciya.
Uku saura kwata, ga ni a ɗakin na'urori
cikin tsohuwar masana'antar takarda,
ni da Jarkko da kofin da ya huce.

Tun hunturu sanarwa ta iso
daga masu auna juyin duniya:
tsohuwa ta sake makara.
Wata na jan teku, teku na gugar gaɓa,
sai ƙasa ta riƙa jan ƙafa,
agogon ƙwayar zarra kuwa bai san gajiya ba.
Ya yi gaba. Za a ce masa dakata,
sakan ɗaya tal, har ta kamo shi.

Abin da mutum zai haɗiye ba ruwa,
shi ke maƙale wa kwamfuta a wuya.
An koya mata hamsin da tara, sai sifili.
Yau za a ce mata akwai sittin,
baƙon da ba a yi wa shimfiɗa ba.
Jarkko bai manta wancan karon ba:
fankoki na kururuwa, injina sun ɗau zafi,
suna tambayar kansu ƙarfe nawa, ƙarfe nawa,
kamar mai zazzaɓi.
Wasu kamfanoni, in ji shi, sun fi mu dabara,
niƙe sakan ɗin suke su barbaɗa wa yini
kamar gishiri a miya, ba mai ganin ƙwaya.
Mu dai ɗungurungum za mu haɗiya.

Ubana Veikko, masunci a Hailuoto,
yana da agogon bango mai lattin minti huɗu a mako.
Kowace Lahadi ya buɗe gilashin,
ya tura hannun da babban yatsa
mai ƙarnin kifi da kwalta.
"Outi," ya ce, "agogo ba ya fushi don an gyara shi."
Ya rasu a bazara, ƙanƙara na fashewa.
Na rasa jirgin ruwan safe,
na hau na gaba, na tarar an rufe masa ido.
Awa guda ce tsakani.
Na yi lissafin, ban so ba, sana'a ce:
sau dubu uku da ɗari shida
sai duniya ta makara kafin a biya ni.

Biyu da hamsin da tara.
Jarkko ya ajiye kofi.
Hamsin da bakwai. Hamsin da takwas.
Hamsin da tara.

Sittin.

Ga shi a allo, kore, tsirara,
lokacin da babu shi a kalandar kowa.
Ban yi komai da shi ba.
Ko numfashi guda bai cika ba.
Wani tsuntsun teku ya gifta ta taga,
iyakar abin da ya shiga ciki ke nan.

Sai sifili. Uku ta buga.
Injina ɗari biyu sun haye lafiya,
in ban da tsohon nan da muke kira Hauki,
mai riƙe da albashin ma'aikatan tashar ruwa.
Ya rubuta sakan ɗaya sau biyu, ya tsaya cak
ya ƙi yarda an wuce.
Jarkko ya zage shi a hankali, ya kashe, ya kunna.
Ni ban ga laifinsa ba.

Ana ta muhawara a manyan zauruka
wai a daina wannan jira,
a bar agogo ya tafi, ƙasa ta biyo a sannu.
Wataƙila sun yi gaskiya. Ni zan fi samun barci.

Na rubuta a rahoto: ba matsala, sai ɗaya.
Na hau keke, na haye gada, hasken na soya ido.
A kicin agogon Veikko na bugawa,
lattinsa ya taru tun bazara,
ya kusa awa guda.
Na buɗe gilashin, na ɗora yatsa.
Yau Laraba ce ashe.
Na rufe, na ja labule.