Ɗaurin Hannu

Shekara ashirin da uku ina gasa gaɓoɓi a Mai Wurno,
tafin hannuna ya san kafaɗar rabin gari.
Sai ga takarda: ki tafi Madani, kwana biyar,
ƙaro ilimi.
Na ce, ni? Da furfurar nan?

Na hau mota bayan asuba,
kogi na bin mu ta dama kamar mai rakiya.

Malamar sa'ar 'yata ce,
Dakta Tahani, siririya, murya ƙasa-ƙasa.
Ta ce: wanda ɓarin jikinsa ya shanye,
in da sauran motsi a yatsu,
ku ɗaure hannun mai lafiya,
ku bar raunannen ya nemi abincinsa.
Ta haska alƙaluman bincike a bango.
Ban ji sauran ba.

Baffa Tanimu masunci nake gani.
Shekara biyu ina murza damansa da man riɗi,
ina lallashinta kamar jinjira,
hagu kuwa tana yin komai:
loma, alwala, ƙullin igiyar jirgi.
Wanda ake yi wa aiki, me zai tashe shi?

Daren nan ban taɓa tuwo ba.
Na kwafi darasi har aka ɗauke wuta,
na ƙarasa da fitilar waya,
kunya na zaune a bakin gadon.

Da na koma, na kwance ɗankwalina,
na naɗe hagunsa tam.
Ya ce, Kulu, karatun nan haukata ki ya yi?
Na ajiye finjalin gahawa gabansa,
na ja kujera.

Ya fasa uku.
Ya ƙona cinya, ya yi mini Allah ya isa,
ya aiko jikansa ya ce gobe ba ya zuwa.
Ya zo.
Kullum ina rubutawa: daƙiƙa nawa, yatsa nawa,
don yarinyar ta ce a aiko mata,
har da ranakun da babu komai.

Rana ta goma sha tara
finjali ya tashi, yana rawa,
ya yi hanyar gemu, ya gyara,
ya isa.

Ya kurɓa. Ya daɗe bai ce uffan ba.
Sannan ya ce, ba sukari.

Akwai wani zaman a Rajab.
Na riga na rubuta sunana,
na sayi sabon littafi
da finjali shida.