Kujerar da Aka Ba Ni

Da safe, a mararrabar Ali Ɗan Sofo,
ɗan kabu-kabu ya kusa kifar mini da jarka.
Ya waiwayo: "Mace dai, ko tafiya sai an koya mata!"
Na ce: "Je ka gaya wa wadda ta koya maka taka."
Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara.
Ƙaya ce, ta soke ni, na cire, na yar,
kafin in kai kasuwa na manta da kamanninsa.

Da hantsi na shiga ofishin filaye
da jikka ɗari takwas ɗaure a haɓar zane,
shekara goma sha ɗaya ta suyar gyaɗa,
ta matsar mai, ta murzar ƙuli-ƙuli.
Akawu ya miƙe tsaye: "Inna Cima, sannu da rana."
Ya jawo mini kujera,
ya juyo fanka wajena,
ya aika a sayo ruwan sanyi.
Sannan, a hankali, kamar mai tambayar majinyaci:
"Wa ya zo da ke?"
Na ce: "Ƙafafuna."
Ya yi murmushi. "Ina nufin wa zai tsaya miki."

Kalla ya shekara uku a ƙasa.
"Wa fa? Ƙane? Ko ɗa?"
Ɗa akwai, Mutari,
wanda har yanzu ni ke riƙa masa fitila
in zai zagaya da dare.

Yayana Lawali ya rufe shagonsa ya zo.
Bai ci mini ko dala ba, Allah shaida,
shi ya ma biya kuɗin hatimi.
Ya kira shaidu biyu daga majalisarsu,
suka gaisa, suka tambayi juna gajiya,
suka yi magana a kaina, ina zaune,
kamar ana shawarar inda za a dasa mangwaro.
Aka shafa fatiha. Kowa ya ce mini barka.

To wa zan mayar wa da magana?
Zagi yana da baki, ana iya toshe shi.
Wannan tiya ce da aka rage wa baki
tun kafin a haifi mai awo.
Mai awo yana tsoron Allah,
yana cika ta har ta yi tozo,
ni kuma in je gida, tuwon bai kai ba.

Da dare Baraka ta ɗago daga littafin lakwal:
"Inna, filin na wa ne?"
Na dubi tabon mai a bayan hannuna,
guda tara, na san ranar kowanne.
Na ce: "Kwanta, gobe akwai suya."

Amma jibi zan koma.
Zai miƙe, zai gaishe ni, mutumin kirki ne,
zai jawo kujerar.
Zan gode masa, in tsaya a tsaye.