Shafe Na Biyu

Jidda gari ne mai cin ƙarfe.
Bahar Maliya ta huro gishirinta da dare,
da safe ka tarar tsatsa ta sa wa ƙofar mota lalle.

Motar Kawu Haladu ce, tsohuwar a-kori-kura,
shekara ashirin da shida tana jigilar buhunan shinkafa
daga tashar jiragen ruwa zuwa Bab Makka.
Ran da idonsa ya yi hazo ya miƙo min makulli,
ya ce, “Tanimu, fitar da ita kunya.”

Na turo ta lungunmu na Hindawiyya,
na kafa rumfar leda tsakanin katangarmu
da ta Mukbil, mutumin Yaman mai gasa burodi.
Na wanke ta da omo har sau biyu,
don maiƙo da fenti ba sa ga maciji.
Samfefa mai kaushi tukuna, lamba tamanin,
sannan mai dama-dama, sannan mai laushi.
Ƙarƙashin fari na tarar da kore,
ƙarƙashin kore, shuɗi,
ƙarƙashin shuɗi wata lotsawa cike da fila
wadda Kawu bai taɓa ba mu labarinta ba.

Na lulluɓe gilasai da tsofaffin jaridu,
labaran bara suka yi wa fitilu mayafi,
salatef ya bi gefe-gefe.
Na dama firaima da tina, na tace a tsumma,
na ɗaura takunkumi a hanci.
Kwamfuresar aro ta yi tari, ta yi tari, ta kama.
Taƙi ɗaya tsakanin bakin bindiga da jikin ƙarfe,
hannu ya tafi, hannu ya dawo,
kowane layi ya hau rabin ɗan'uwansa.

Gwangwani ya ce a jira minti sha biyar.
Gwangwani bai san damshin Jidda ba.
Ni kuma na ga la'asar ta kawo jiki,
na ce bari in ƙara na biyu in huta,
na labta shi da kauri kamar mai zuba kunu.

Ko da na dawo daga masallaci
ƙofar direba ta yi tamoji kamar goshin tsoho,
wani wurin hawaye ne toka-toka
ya gangaro ya daskare a hanya.

Kawu ya fito yana dogara sanda.
Bai ga komai ba, tafin hannu ya aza.
Ya shafa, ya shafa, ya tsaya daidai wurin.
“Na ƙasa bai sha iska ba ka ɗora masa kaya.”
Sai ya matsa, ya dafa tsohuwar lotsawar nan,
dariya ta ƙwace masa:
“Nan kuwa raƙumi ne, hanyar Yanbu,
shekarar da aka yaye ka.
Ni ma sau uku na kankare kafin ta kwanta.”

Kwana biyu ban taɓa ta ba.
Ran na uku na jiƙa samfefa a bokiti,
na goge gaggawata har ƙasa,
ruwan toka yana bin gwiwar hannuna.
Na share ƙura, na jira hantsi ya shanye raɓa.
Shafe ɗaya, siriri kamar bayan albasa.
Na zauna. Mukbil ya miƙo shayi ta saman katanga,
na sha, na ƙara,
na dangwala yatsa a kan salatef, ba a jikinta ba.
Bai kama ni ba.
Sannan na biyu.

Da yamma Kawu ya sake fitowa.
Hannun ya tashi daga fitilar gaba,
ya bi ƙofa, ya wuce raƙumin,
bai tsaya ko'ina ba sai da mota ta ƙare.

Na ce, “Kawu, wane launi za a sa?”
Ya kaɗe tafinsa a jikin jallabiya.
“Ni yanzu duk ɗaya ne.
Shiga ka tambayi Gwaggonka Barmani,
ita ce har yau ba ta yafe min koren nan ba.”