Igiyar Awo

Su biyu ne a rumfar Ɗantani, can bayan PZ,
ya da ƙanwa, ubansu ɗaya,
kowacce rufinta ya gangara ta baya
kamar doron zabuwa.

Babbar baƙa ce, doguwa,
shan manta na raƙumin da ya daɗe bai ga rijiya ba.
Na shiga baya, na miƙe ƙafa,
sai rufi ya ture mini hula.
Ɗantani ya ce, "Ranka ya daɗe,
irin wannan mai ita ke tuƙa ta."

Ƙaramar ruwan toka ce, mai kaifin ido.
Na tuna gwiwar Inna Tabawa
da Talatar da nake kai ta asibitin Shika.
Ta ina za ta lanƙwasa ta shige nan?

Ban ce uffan ba.
Da yamma na ari igiyar shanya,
na auna lungunmu na Kwarbai
daga katangar Malam Jibo zuwa bakin kwata,
na ƙulla.
Washegari na shimfiɗa ta a goshin babbar,
igiya ta gaza da taƙi guda.

Taƙi guda!
Lungun da kakana ya bi da jaki
shi ya yanke mini hukunci.

Yanzu Inna ce a gaba, kujera a janye,
hulata a kan cinyarta.
In mun zo PZ sai in rage gudu.
Babbar tana nan da galan a ka,
Inna ta ce, "Kalli hanya."