Inda Za Ka Buga, Lachlan

Jiya ka tsaya a bakin ƙofata, Lachlan,
wasiƙa a hannunka, ruwa na ɗiga daga hularka,
ka ce, "Dattijo, ina ake buga golf a garin nan
ba sai mutum ya sayar da gadonsa ba?"
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Shekara arba'in da ɗaya ina saɓa jakar sandunan wasu
a Abadin, birnin dutse mai ruwan toka,
sai yau aka nemi jin ta bakina.
To zauna, shayin bai huce ba.

Fara da filin bakin teku, bayan matsayar jiragen masunta.
Can iska ce maigida, kai baƙo ne.
Ka buga gabas, ta kai maka arewa,
ka yi tsaki, ta ƙara.
A rami na shida akwai ƙaya mai furen ɗorawa,
ta haɗiye ƙwallayena sun fi ɗari
ko gyatsa ba ta taɓa yi ba.
Bar mata.
Wanda ya zura hannu a ciki
da jini yake fansar abin fam ɗaya.

In gwiwa ta fara yi maka gardama,
akwai na bayan asibiti, rami tara kacal,
shimfiɗe kamar faranti.
Ma'aikatan jinya kan sauko daga aikin dare
su buga da ido ja, suna hamma, suna cin juna da ba'a.
Wani lokaci majinyaci kan leƙo ta tagar bene
ya tafa wa bugun da bai cancanci tafi ba.
In ka gama, shiga rumfar Morag.
Romon kifi mai hayaƙi da dankali take yi,
kada ka tambaye ta gishiri,
ta kori wani likita a kan haka.

Na masu kuɗi kuwa, mai doguwar ƙofar ƙarfe,
ciyawarsa kamar da reza aka yi mata aski.
Je ka sau ɗaya, don ido ya sha.
Ni na yi shekara sha tara a bayan mutum guda a can,
ina nuna masa inda ƙasa ta karkata,
har ya mutu bai riƙe sunana ba.

Amma wanda nake so ka gani
yana kan tudu, ƙarshen layin bas.
Ba mai karɓar kuɗi, akwati ne a jikin gungume,
ka jefa abin da zuciyarka ta yarda.
Tumaki ne masu yankan ciyawa,
kuma suna barin shaidar aikinsu, kula da takalminka.
A tsakiyar shekara rana kan manta da faɗuwa,
ƙarfe goma na dare kana ganin tuta.
A nan Murdo Gillies, abokina, direban tirela,
ya buga sau ɗaya tak, ƙwallo ta shige rami.
Muka tsaya kamar an dasa mu.
Ba mai shaida sai ni da tunkiya,
ni kuma an san ni da ƙarin gishiri.
Har ya bar duniya ba wanda ya gaskata shi.
Yanzu benci ne a wurin, da sunansa a jikin tagulla,
yana fuskantar teku.

Ga sandata nan bayan ƙofa, ɗauki.
Mariƙinta ya sha gumi, ya san hanya.
Ranar Asabar, in ka gama rabon wasiƙu,
biyo ka ɗauke ni.
Ba zan buga ba, kafaɗa ta ƙi.
Zan zauna wajen Murdo da bargona,
in ga yadda za ka yi da rami na huɗu.
In ka ɓarar, ba komai,
tunkiya ba ta kai labari gari.