Layi na Goma Sha Bakwai

Tun ladanin Bukoki bai gyara murya ba
nake takawa zuwa majalisa,
don kuɗin faba-faba na wata guda
ya fi ƙarfin aljihuna.

Ni ke share zauren kwamiti.
Na san kowace kujera da irin kukanta,
na san mai liƙa tukar goro ƙarƙashin tebur,
na san wanda barci ke sacewa bayan azahar.
Su kuwa tsintsiyata suka sani.

Ran Talata aka kira masu riƙon asusu
su faɗi inda kuɗin bara suka kwana.
Aka ce in tsaya da butar shayi.
Miliyan na wucewa ta saman kaina
kamar balbelu sun nufi kogi da yamma:
man mota, tayar mota, fentin katanga,
taron ƙara wa juna sani a Doso
wanda ya ci raguna arba'in.

Sai wata wakiliya mai tabarau ɗaure da zare
ta aza yatsa bisa takarda.
"Layi na goma sha bakwai.
Masu shara talatin,
kowa da mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka.
A karanto mana sunayensu."

Talatin?
Mu goma sha ɗaya ne,
har da Hamsatu mai ciwon gwiwa.
Albashin doka kuwa a rediyo muke gaisawa da shi.
Jaka ashirin da biyar Alhaji Kimba ke miƙowa
cikin ambulan marar rubutu,
ya ce a gode Allah, wasu na bakin ƙofa.

Magatakarda ya yi gyaran murya.
Alzuma Gado.
Tanimun Illa,
wanda muka kai makabartar Yantala damina biyu da suka wuce,
ashe bai bar aiki ba.
Nomau Arzika.
Can ƙasa, Arzika Nomau.
A shafi na biyu, N. Arzika.

Ashe mu uku ne ni.
Biyu na cin tuwo da nama a wani gida,
ɗaya na auna gero da gwangwanin tumatir.

Hannuna ya yi rawa, kofi ya yi ƙara.
Tabarau ya juyo.
"Kai mai shayi, yaya sunanka?"

Na tuna kuɗin haya.
Na tuna takardar maganin Sahiya
da ke ninke cikin hulata tun Laraba.
Na tuna masu jira bakin ƙofa.
Bakina ya riga ni:
"Wanne daga ciki, Hajiya?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya haɗiye rabinta.
Na'urar sanyi kaɗai ta ci gaba da magana.
Mai riƙon asusu ya nemi ruwa,
ni na zuba masa.

Aka ce a rubuta.
Aka ce a kira sufeton ƙwadago.
Aka ce a kafa ƙaramin kwamiti cikin kwamiti.
Aka ɗage zama sai bayan salla.

Wata ya mutu, ambulan ya zo.
Jaka ashirin da biyar,
da harara a matsayin gyara.
Alzuma ya daina zama kusa da ni.
Hamsatu ta ajiye mini ƙosai uku ba ta ce komai ba.

Shafin nan dai na tsince shi a kwandon shara,
da zoben kofi a gefensa.
Da dare Sahiya kan karanta mini shi
a hasken fitilar mai shago,
tana bin layi da yatsa kamar waccan matar.
Jiya ta ɗaga kai ta ce,
"Baba, sauran biyun yaushe za su zo gida?"

Na ce ta rufe, gobe akwai lakwal.