Littafin Bashin Baba

A ƙofar masallacin Aboabo
liman ya ɗaga murya kafin a ɗauki makara:
"Duk mai bin Malam Tanimu bashi ya zo ya faɗa,
kada a bar shi rataye."
Muka ce amin.
Ashe har da ungulu a cikin sahu.

Ran sadakar uku, ana rabon masa da goro,
wani ya yi sallama:
farar shadda, carbi mai sheƙi,
ya yi kuka har ya fi mu.
Da ya share ido sai ya rage murya:
sidi dubu tara, kuɗin huhun goro,
cinikin da suka ƙulla a Alabar watan jiya.
Ga takarda. Ga sa hannu da biro.
"Ba don kaina ba," in ji shi,
"don kabarinsa ya yi sanyi."

Ba zan ɓoye ba, na ciro waya.
Yatsana na kan lambar sirri.
Wa zai iya barci
alhali ubansa na tsare saboda kuɗin goro?

Sai muryar Inna daga bayan labule,
muryar da takaba ta dushe:
"Bawan Allah, watan jiya ka ce?
Watan jiya ni ke juya shi a gadon asibiti,
ko cokali ba ya iya riƙewa.
Kuma shekara arba'in da ɗaya muna tare,
ban taɓa ganin biro a hannunsa ba.
Zulai, ɗauko akwatin ƙarfe."

Littafin na ƙanshin tawada da kanumfari.
Ajami, layi bayan layi,
har sidi biyun mai wanki yana ciki.
Kawu Garba ya karanta tun daga bango.
"Zauna, a kira shaidu biyu da liman," in ji shi,
"in gaskiya ne, ko gida ma sai mu sayar."
Mutumin ya ce zai kama ruwa.
Har yau takalminsa ɗaya na bakin zaure.

Da dare waya ta yi ƙara, wai ofishin fansho,
a tura kuɗin buɗe fayil.
Baba da bai taɓa cin albashin kowa ba!
Na kife ta a kan tabarma.

Ran bakwai, da hantsi,
Maame Adwoa mai gasa ayaba ta tsaya a ƙofa,
ta kwance bakin zane:
sidi sittin, duk sun yamutse.
"Ya ranta min lokacin da ɗana ya karye."
Muka buɗe littafin.
Ga sunanta nan,
Baba ya ja masa layi tun bara,
ya rubuta a gefe: na yafe.

A nan ne Inna ta yi kukan
da ta riƙe kwana bakwai.